Fenti ba ya maganin tsatsa

A Amurka, inda mutane da yawa ke riƙe bindiga a gida da izinin doka, gyaranta sana'a ce mai rassa. Akwai mai sassaƙa ƙota, akwai mai gyaran kunama, akwai kuma wanda aikinshi kawai shi ne ya sa wa ƙarfe sabuwar riga. Rigar da a ke yayi yanzu sunanta Cerakote, wani irin fenti ne mai haɗe da garin tangaran, wanda kamfanin NIC Industries na jihar Oregon ke yi. Shi a ke shafa wa bindiga ta koma kalar rairayi ko kalar ganye, ruwa da gumi ba su kama ta.

Aikin ya wuce fesawa. Sai an kwance bindigar ɗaiɗai, an wanke kowane ƙarfe da asetan, an gasa shi kaɗan don man da ya ɓuya a lungu ya fito. Sannan a feshe shi da wani yashi mai kaifi har tsohuwar riga ta fita, ƙarfen ya yi kaushi yadda fenti zai kama. Rigar kanta siririya ce ƙwarai, wajen mikron 25, ba ta kai rabin kaurin gashin kai ba. In ta yi kauri, sassan da ke gogar juna sai su cije. Daga nan a sa cikin tanda awa 2, zafi wajen digiri 120. Cikin bututun, inda harsashi ke bi, ba a taɓa shi ko kaɗan. A riƙe wannan, don nan maganata ta ke.

Gidanmu akwai bindigar kakanmu, wanda ya yi zamaninshi maharbi ne. Simplex ce, mai baki guda, ƙirar Manufrance ta birnin Saint-Étienne a Faransa, irin wadda a ka fara yi tun 1908 kuma ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Tana hannun baffana, da takardunta. Baƙin da ke jikinta ya koɗe, tsatsa ta yi mata zane ja kusa da ƙota. Wancan baƙin ma, in ka bi diddigi, ɗan'uwan tsatsa ne: ƙarfen a ke sa wa ya yi wata baƙar tsatsa mai laushi wadda ke riƙe mai, ta hana jar tsatsa shiga. In mai ya bushe, shekara da shekaru, damina na zuwa, to ja sai ta samu ƙofa.

Taubashina yana aikin fentin mota a wani garaji nan Maraɗi. Ya ga irin wancan aikin na Amurka a salula, ya ce shi ma zai iya: yana da injin fesawa, yana da takardar goge ƙarfe, fenti mai jure zafi kuma akwai a kasuwa. Kwana biyu, in ji shi, za ta koma sabuwa. Baffa bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce a fara nemo wanda ya san bindiga ya duba ta.

Nan a ka yi ta. Maƙera ba su ƙare ba a ƙasar nan, amma galibi sun koma hauya, galma, lauje da murhu. Masu walda kuma sun cika gari, sai dai ƙofa da taga su ka sani. Wanda ya san bindiga ba ya kafa allo a bakin titi, kuma ba a ga laifinshi ba. Da halin da a ke ciki wajen Madarumfa da Gidan Rumji, inda ƴan bindiga ke ƙetaro iyaka su sace shanu da mutane, duk maƙerin da a ka ji yana taɓa bindiga ido na kanshi. Ƙasar tana da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, da dokar farauta ta 1998. Ba a saɓa bindiga a kafaɗa a hau kabu-kabu. Baffa da kanshi ya bi ta hannun tsofaffin maharba, su su ka yi mishi kwatancen wani dattijo, ya tafi da takardu cikin aljihu, ni kuma na raka shi.

Abin da dattijon ya fara tambaya shi ne takardun. Da ya gani, ya karya bindigar, ya cire bututun, ya ɗaga shi wajen haske ya leƙa ciki, ya daɗe. Ya juya ƙarƙashi ya nuna mana ƙananan hatimai da lambobi da a ka buga a ƙarfen, shaidar cewa an gwada bututun a Saint-Étienne kafin a sayar. Ya auna wurin zaman harsashi: milimita 65 ne, alhali yawancin harsashin yanzu 70 ne, kuma sa dogo a gajeren wuri yana ƙara wa ƙarfe wahala. Sannan ya miƙa wa baffa ya ce ya leƙa. Cikin bututun duk ƙananan ramuka ne, kamar fuskar wanda ya yi agana.

Na ce, "Baba, in an yi mata fenti fa?"

Ya ce, "Ɗana, fenti na waje ne, wuta kuwa ciki ta ke bi. In na yi mata ado, gobe wani yaro zai gan ta tana ƙyalli ya ɗauka lafiyarta lau. Hannunshi na hagu nan ya ke riƙewa, daidai inda ta fi ciwo."

Bai karɓi aikin ba. Ya goge tsatsar waje a hankali da mai, bai taɓa hatiman ba, ya ce a rataye ta a daina harbi da ita. Kuɗin da ya amsa bai kai na buhun gawayi ba.

Ban raina Cerakote ba. Ga bindiga mai lafiya, a hannun wanda ke da tanda da ma'auni, riga ce mai kyau wadda ta fi baƙin da jure ruwa. Amma ko can Amurka, masu tara tsofaffin bindigogi sun san sabuwar riga tana karya darajar tsohuwa, kuma yashin fesawa na iya cinye rubutun da ke faɗin asalinta. Abin da na ɗauko daga maƙerar nan shi ne yadda a ke gane gwani. Yana duba ciki kafin waje. Yana aunawa kafin ya yi magana. Yana tambayar takarda ko da za ka ji haushi. Kuma yana iya barin kuɗi ya wuce in aikin zai cuci wani. Wanda ya fara da tambayar wace kala ka ke so, ka ɗauki kayanka ka yi gaba. Haka ya ke ga makanike, haka ga mai gyaran salula, haka ga magini da ke shafe tsagar bango da siminti ana gobe biki.

Abin da ya fi damuna shi ne dattijon ba ya da yaro ko ɗaya a maƙerar. Zuga-zugi ma jikanshi ne ke ja mishi in an taso daga lakwal. Ƙasar nan ce fa a ka ƙera igwa a Damagaram zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19. Yau muna da ɗalibai a makarantar fasaha ta Dan Kasawa masu karanta ƙarfe a takarda, sun san sunan kowane sinadari da Faransanci, ga kuma tsoho da ke gane ciwon ƙarfe da ido da ɗan yatsa, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai awa guda ba, amma ba su san juna ba. Ba sai an koyi bindiga ba. Yadda a ke shayar da ƙarfe, yadda a ke jin tsaga ta wurin ƙararshi, yadda a ke gane inda tsatsa ta tsaya, duk injin ban ruwa da garmar shanu suna bukatar wannan sanin. Hutu na tafe. Duk wanda ke da maƙeri a unguwarsu ko a ƙauyensu, ya je da goro da littafin rubutu, ya zauna kusa da uwar maƙera tun mai ita yana iya ɗaga masaba.