Alkaki da Harshen Aro

A wata unguwa ta Maradi akwai wata tsohuwa wadda babba da yaro ke kira Kaka. An haife ta a 1945, shekarar da ruwan Gulbi ya cinye tsohon gari, har aka tashi mutane aka mai da su kan tudu, inda birnin yake yanzu. Ba ta yi lakwal ba, ba ta kuwa taɓa sa an rubuta mata yadda ake dafa kome ba. Amma shekara da shekaru, in za a aurar da yarinya a unguwar, ko ta gidan Kirista ce ko ta gidan Musulmi, sai an zo an durƙusa a ƙofar ɗakinta an ce, "Kaka, a taimake mu da alkakin gara."

Ba alkaki kaɗai ta iya ba. Ran Lahadi in an taso daga sujada, funkaso ne da miyar taushe a gidanta. Tun da asuba takan kwaɓa garin alkama da ruwan ɗumi da ɗan yisti, ta buga shi da hannu har ya yi danƙo, ta rufe, ta ajiye inda rana za ta same shi. Kafin a dawo ya kumbura ya ɗaga faifai. Sai ta zuba ɗan ruwan kanwa, ta jiƙa hannu, ta ɗebo ƙullin, ta huda tsakiyarsa da babban yatsa, ta saka cikin mai. Miyar kuwa tun jiya aka fara ta, gama ƙashin rago ba ya son gaggawa. A kan romon take zuba kabewa ta nuna har ta narke, sa'an nan dakakkiyar gyaɗa, da tattasai, da daddawa, da albasar Galmi mai jan bawo. Alayyafo da yakuwa su ne na ƙarshe, domin kada su mutu a tukunya. In ta zuba wa mutum a kwano, sai ta kawo soyayyen man shanu wanda ya sha albasa, ta kwarara a kai da ludayi, ba da cokali ba.

Wannan ludayi ya sha jawo magana. 'Ya'yanta sukan ce ɓarna ce. Amma wanda ya san abin da ta gani a 1984 ba zai yi saurin ganin laifinta ba. A shekarar nan damina ta ƙi, gero ya ƙone a gona, shanun Fulani suka yi ta faɗuwa a hanya. Ta tsaya layi da kwano ta karɓi dawar agaji, ta dama kunu tsararo ta raba wa yara shida, ita kuwa ta kwana da ruwa. Wata da watanni ba a ji ƙanshin man shanu a gidan ba. Tun da Allah ya kawo sauƙi ta ɗaura wa kanta cewa wanda duk ya ci abinci a hannunta sai ya lashe yatsa. Ba ta taɓa faɗar haka da baki ba, ludayin ne ke faɗa.

Sai dai mai yawan kyauta da hannu ba lalle ne ya zama mai kyauta da harshe ba. Kaka tana da baki, ta kuwa san tana da shi.

A farkon 1994 babban ɗanta ya kawo amarya. Auren ya faɗo a mugun lokaci, gama a watan Janairu na shekarar aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa dala goma ya koma dala ashirin, duk abin da ake kawowa daga waje ya yi tsalle, sukari da mai da garin fulawa suka zama abin lallaɓawa. Amaryar, yarinya ce mai kunya, ta so ta faranta wa uwar mijinta rai. Ba ta tambayi kowa ba, ta ɗebi tiya guda ta alkama, da sukarin da aka yi tanadi na wata, ta shige madafa ta yi alkaki. Abin ya fito baƙi ƙirin, wajensa ya ƙone, cikinsa ɗanye, sukarin ya daskare a kansa kamar tsakuwa. Ta kawo a kwano ta durƙusa, ga baƙi mata zaune. Kaka ta ɗauki ɗaya, ta ƙwanƙwasa shi a bakin kwano, ta ce, "A miƙa wa magina, na ji suna neman tubali."

Matan suka yi dariya. Amaryar ma ta yi murmushi, ta ɗauke kwanonta. Daga ran nan ba ta ƙara taɓa tsakin alkama ba. Ta iya tuwo, ta iya dambun zogale da ƙuli-ƙuli wanda maƙwabta ke aiko da kwano dominsa, ta iya ɗanwake. Amma in Kaka ta fito da turmin alkaki, sai ta sami wanki ko wani aiki a bayan ɗaki. Ba su taɓa yin faɗa ba. Tana gaishe ta da safe a durƙushe, tana ce mata Inna, ita kuwa tana ce mata 'yar nan. Shekara ashirin da biyar suna gida ɗaya, maganar tubali tana kwance tsakaninsu, ba wanda ya tashe ta.

A 2019 aka sa ranar auren 'yar farin wannan suruka, mako guda bayan Kirsimati. A lokacin Kaka ba Kakar dā ba ce. Ciwon sukari ya kama ta, likita ya hana ta zaƙi, ciwon kuma ya taɓa idanunta har ba ta rarrabe fuska sai murya. Hannunta na dama yana rawa. Shekara uku ke nan ba ta yi wa kowa alkaki ba. Ɗanta ya ce abin mai sauƙi ne, a ba masu yin na sayarwa kuɗi su yi, a haɗa da gato da biskit na kanti. Kowa ya ga hankali a maganar, ban da amarya. Ta shiga ɗakin Kaka ta zauna a bakin gado.

"Kaka, kin yi wa 'ya'yan unguwa duka, ni ce za a kai da na kasuwa?"

"Ke kishiya, tashi ki ba ni wuri. Da wane ido zan yi? Da wane harshe zan ɗanɗana?"

"Ga Mama."

Tsohuwar ta yi shiru. Uwar amarya tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta kuwa ji kome, gama ɗakin ba ƙyaure sai labule. Aka kwana biyu ba wanda ya ƙara ta da zancen. A rana ta uku da hantsi Kaka ta lalubo sandarta, ta fito, ta zauna a kujerar tsugunno kusa da murhu, ta ce wa iska, "In da za a sami alkamar Ƙonni, ba fulawar buhu ba, da an gwada." Surukar ba ta amsa ba. Ta yafa mayafi ta tafi kasuwa.

A nan ya kamata mai karatu ya san yadda ake yin abin, gama a cikin yinsa ne sauran labarin yake.

Alkaki ba da gari mai laushi ake yinsa ba. Ana wanke alkama, a shanya, a kai inji a ɓarzo ta ta zama tsaki ƙanana. Kaka ta sa aka zuba tiya uku a babbar ƙwarya, ta nutsa hannunta na hagu ciki, ta murza tsakanin yatsu, ta ce ya yi. Sa'an nan aka zuba mai, surukar ta yi ta murzawa da tafin hannu har kowace ƙwaya ta sha. "Dunƙula ki gani," in ji Kaka. "In ya kama jikinsa, ya ƙoshi. In ya watse, ƙara." Bayan mai sai nono mai tsami, kaɗan kaɗan, har ya haɗu ya yi tauri, ba ruwa-ruwa kamar ƙullin funkaso ba. Aka rufe da faifai, aka lulluɓe da tsohon bargo. Da bazara kwana ɗaya ya isa ya tashi, amma wannan watan Disamba ne, hunturu yana busawa, sai da ya kwana biyu.

Da aka buɗe, tsami ya bugi hanci. Nan ne wurin kanwa, nan ne kuma alkakin yawancin mata ke mutuwa. Aikin kanwa shi ne ta kashe tsamin, ta sa ƙullin ya saki, ta ba shi launi in ya shiga mai. In ta yi kaɗan, alkaki ya yi tsami. In ta yi yawa, ya yi baƙi, ya yi ɗaci, ya riƙa ɗanɗanon sabulu. Ba ta da mudu, gama wata kanwar ta fi wata ƙarfi, wani nonon ya fi wani tsami. Harshe ne ma'auninta. Harshen Kaka kuwa, ban da dokar likita, tsufa da magunguna sun dushe shi.

"Zuba kaɗan, ki cuɗa, ki taɓa a harshe. Me kika ji?"

"Da sauran tsami, Inna."

"A gaban harshe ko a gefe?"

"A gefe."

"Ƙara rabin abin da kika zuba."

Sau huɗu suna haka. A na huɗun surukar ta daɗe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta ce, "Ina ji ya yi." Kaka ta ce, "Ba ina ji ba. Ya yi ko bai yi ba?" Ta ce, "Ya yi." Kaka ta ce, "To, ya yi." Waɗanda suka san gidan sun ce ba su taɓa jin tsohuwar ta karɓi maganar wani a kan abinci ba sai ran nan.

Aka kirɓa ƙullin a turmi har ya yi laushi. Matan zumunta uku suka zo taimako, aka baza tabarma, ana murza shi dogo kamar igiya, ana naɗewa, ana harɗe bakin biyu. Wutar suya kuwa Kaka da kunne ta auna ta. In mai ya yi ƙara da yawa sai ta ce a janye itace ɗaya, gama alkaki yana son wuta marar fushi, ya daɗe a mai har cikinsa ya soyu. A murhu na biyu sukari yana dahuwa da ruwan tsamiya. Tsamiyar ce ke hana sukari komawa ƙanƙara in ya huce. Ana gane ya yi in an ɗiga tsakanin yatsa biyu ya ja zare. Dā da zuma ake yi, masu hali har yanzu suna yi, amma zuma ta gaskiya ta yi tsada, ta jabu kuwa ta cika kasuwa. Daga mai sai cikin sukari, da zafinsa, ya jima yana sha, a tsame a jera a tire.

Kashegari aka yi nakiya, ita ba ta ba da wahala ba sai ta daka. An soya garin shinkafa sama-sama da citta da kanumfari da masoro, aka haɗa da dafaffen sukari da man shanu, 'yan mata suka yi ta lugude har ta yi santsi tana ƙyalli. Nakiya in ta sami man shanu sosai takan yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa ake kai wa amarya ita.

Da yamma, sa'ad da matan suka watse, surukar ta ɗauki alkaki ɗaya ta sa a hannun Kaka. Tsohuwar ta shafa shi, ta sansana, ta kai kusa da kunne ta karya. Ya ba da ƙara kaɗan, ruwan sukari ya biyo yatsunta. Ba ta kai baki ba. Ta miƙa rabi ta ce, "Ci, ki faɗa mini." Surukar ta ci, ta ce ya yi daɗi.

Kaka ta goge yatsunta a bakin zane, ta daɗe tana gogewa. Sa'an nan ta ce, "Na waccan shekara, kanwa ce ta yi yawa, wuta kuma ta yi yawa, ba ki sa tsamiya ba. Abu uku ne kawai. Da na faɗa miki a ran nan, da kin iya tun tuni."

"Ya wuce, Inna."

"Bai wuce ba, tun da na tuna, ke ma kin tuna."

Surukar ta sunkuyar da kai, ta shiga tattara tire. Can ta ce, "Ai da gaske kamar tubali yake." Kaka ta fashe da dariya har ta yi tari, aka kawo mata ruwa.

An ɗaura aure a majami'a, an kai gara, kwalla huɗu na alkaki da biyu na nakiya. Dangin ango suka aiko da godiya, suna cewa hannun Kaka bai tsufa ba. Tsohuwar ta sa aka mai da ɗan aiken da saƙo, a faɗa musu na uwar amarya ne.

Ran Lahadin da ta biyo baya gidan ya yi shiru, baƙi sun tafi, amarya tana ɗakinta. Surukar ta yi funkaso da miyar taushe. Ta zuba wa mijinta a kwano, ta ɗauko man shanu da ƙaramin cokali kamar yadda ta saba. Kaka tana zaune a bakin ƙofa tana shan hantsi, ta ji ƙarar cokalin a jikin kwalba.

"'Yar nan," in ji ta, "ina ludayin?"