A Riƙa Ɗaure Kalmomin Turanci Dami Dami

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi wa samarinmu na Lafagu da sauran ƙasar Bagudo magana a kan hanyar tara kalmomin Turanci.

Ni akawu ne, aikina karatu da rubutun takardu. Sau da yawa nakan ga yaro ya gama makaranta, amma in an miƙa masa takardar neman aiki ko ta kwastan sai ya yi tsuru-tsuru, ya tafi neman wanda zai biya ya cika masa. Ba rashin kai ba ne, kalmomin ne ya tsinta ɗaya ɗaya, suka zube a hanya. Manomi kuwa ba ya kai gero rumbu zangarniya zangarniya, sai ya ɗaure dami.

A makarantar mishan da na yi, da igiya biyu aka koya mana ɗaurin, watau tsawon kalma da ƙarshenta. Aka fara da masu haruffa 3: cat kyanwa, rat ɓera, mat tabarma, hat malafa. Sa'an nan masu 4: book littafi, hook ƙugiya, look duba, cook dafa. Sa'an nan masu 5: night dare, light haske, right dama, fight faɗa. Wanda ya iya rubuta ɗaya ya iya huɗu ke nan. In kuwa ya rubuta night ya ƙirga ya sami haruffa 4, ya san ɗaya ya faɗi.

Amma babbar riba tana ga ƙarshen da ke ɗauke da ma'ana. Mu Hausawa a goshin kalma muke sa alamar mai sana'a, mu ce manomi, maƙeri, maɗinki. Su Turawa a wutsiya suke sa tasu, watau -er. Mun ma daɗe da arowa: driver, lawyer, messenger, carpenter da bricklayer su ne direba, lauya, masinja, kafinta da birkila. Haka kuma -ful cika ne, -less rashi ne. Useful mai amfani, useless marar amfani. Careful mai kula, careless marar kula. Wanda ya musanya su a takardar shaida ya zagi wanda ya yi nufin yabo.

Kada wani ya ce wannan sabon abu ne. Littafin Alƙamus na Shehu Fairuzabadi, wanda ya rasu a shekara ta 817 ta Hijira, littafin da daga sunansa muka sami kalmar ƙamus, da harafin ƙarshe na asalin kalma aka jera shi, malamanmu sun sani. A Ingila ma wani mai suna John Walker ya buga ƙamus a 1775 wanda ya jera kalmomi bisa ƙarshensu.

To, jama'a, mu mutanen bakin iyaka muna da wani rabo na musamman a nan. Tun 1898 da Turawan Ingila da na Faransa suka raba ƙasar Bargu, 'yan'uwanmu na ƙetare suka faɗa hannun Faransa. Ƙasarsu, wadda a da ake kira Dahome, ta koma Benin a 1975, har yau kuwa da Faransanci ake rubuta takardun hukumarsu. Wanda ya bi ta Tsamiya ya shiga Segbana da kaya ya san haka. Alhali kuwa harsunan nan biyu sun yi tarayya a kalmomi masu ɗimbin yawa, gama a 1066 mutanen Normandi masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, maganarsu ta cuɗu da ta 'yan ƙasa. Saboda haka nation al'umma da station tasha, rubutunsu ɗaya ne a ɓangarorin biyu, faɗa ce ta bambanta. Abin da Turanci ya ƙare da -ty kuma, sau da yawa Faransanci da -té yake ƙarewa: quantity da quantité yawan kaya, quality da qualité ingancinsa, identity da identité shaidar ko wane ne mutum. Yaron da ya riƙe damin nan zai gane abin da aka rubuta a kan buhunan ubansa, ko ta wane gefe aka rubuta.

Sai dai a yi hattara, kama da wane ba wane ba ne. Ga kalmomi biyar, kowace haruffa 5, duk ƙarshensu -ough: rough kaushi da tough tauri ana faɗinsu raf da taf, cough tari kof, dough kwaɓaɓɓen gari do, bough reshe bau. Ido ba ya isa, sai an ji daga bakin malami. Har wa yau location a Turanci wuri ne, a Faransanci kuwa haya ce. Domin haka jerin da babu ma'ana a gefensa karatun aku ne.

Shawarata ita ce, kowane ɗalibi ya sami littafin rubutu, ya ba kowane ƙarshe shafi guda, ya rubuta ma'anar da Hausa, ya kuma sa kowace kalma cikin magana. Kalma 5 a rana, kwana 6 a mako, cikin mako 50 ya tara 1,500. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina roƙo ka dubi yiwuwar buga mana dami guda kowane mako, domin waɗanda ba su da halin sayen ƙamus su amfana.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Lafagu, Bagudo, Jihar Kebbi.