Kwamfutocin da aka ce sun mutu

Shekarar da aka ba kolejinmu na Damagaram kwamfutoci takwas, ni ne na tsaya gaban iyayen yara na roƙe su su yarda a kashe kuɗin ƙungiyarsu wajen jawo kuran zuwa ɗakin da za a ajiye su. Tsofaffi ne, wani ofis ya gama cin moriyarsu ya ba mu. Ni malamin lissafi ne, ban karanci kwamfuta ba, amma da yake ina ɗan taɓawa, sai aka ɗora mini nauyin. Iyaye suka haɗa kuɗi, har da wata mai toya ƙosai a bakin lakwal da ta kawo jikka guda. Na yi musu alkawari kafin hutun Disamba ƴaƴansu za su zauna gaban kwamfuta.

Babu komai a cikinsu, an goge su kafin a kawo, saboda haka na zuba musu Debian, wani nau'in Linux da ake samu kyauta. Da na kunna ta farko, rubutu ya fito na ƴan daƙiƙoƙi, sai fuskar ta yi baƙi ƙirin. Ta biyu haka, ta uku haka, har ta takwas. Darakta ya leƙo ya ce, "Mushe, kada ka wahalar da kanka. Juji aka kwaso mana. A mayar da su magaza." A daren nan ban yi barcin kirki ba, ina tunanin abin da zan gaya wa mai ƙosai.

Washegari na lura da abu biyu. Fankar cikin akwatin tana juyawa, kuma idan na danna maɓallin manyan baƙaƙe, ƴar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa. Matacciyar kwamfuta ba ta amsawa haka. Ashe tana aiki, hoton ne kawai ba ya isowa gilashi.

Sai da na yi kwanaki ina karatu a waya kafin na gane yadda hoto ke fitowa. Abin da muke gani a fuskar kwamfuta ɗigo-ɗigo ne a jere. Akwai wani yanki a ƙwaƙwalwar na'ura inda ake rubuta launin kowane ɗigo, kamar allon da aka raba gida-gida. Masana na kiransa firembafa, ni kuwa allon ɗigo nake ce wa ɗalibaina. Sashen hoto yana karanta wannan allo kusan sau sittin a daƙiƙa ɗaya, yana aika shi ga gilashi. Kwamfutoci masu tsada suna da katin hoto na daban mai ƙwaƙwalwar kansa. A namu kuwa sashen hoton a haɗe yake da babban faifan na'urar, kuma aron wuri yake yi daga ƙwaƙwalwar da kowa ke amfani da ita.

Tsakanin Linux da wannan sashe akwai ƴar manhaja mai ba shi umarni, ana ce mata direba. Tun 2009 cibiyar Linux ta fara ɗaukar aikin zaɓen girman hoto da kanta tun farkon tashi. A nan ne namu ke makancewa: da direban ya karɓi ragama, sai hoton ya ɓace. Amma akwai tsohuwar hanya ta kowa da kowa, ƙa'idar VESA, wadda kusan duk na'urorin wancan zamani ke ganewa. Ta wannan hanya, ana shirya allon ɗigo tun kafin Linux ya tashi, shi kuma ya ci gaba da rubutu a kansa ba tare da ya canza komai ba.

Da jerin zaɓi na GRUB ya fito, na danna e, na je ƙarshen layin da ya fara da linux, na ƙara kalma ɗaya, nomodeset, na danna F10. Hoto ya fito. Na yi hamdala da ƙarfi har mai gadi ya shigo a guje.

Murnar ba ta daɗe ba. Hoton ɗigo 640 ne a kwance, 480 a tsaye. Komai ya kumbura, kuma maɓallan da ke ƙasan taga sun faɗa waje, ba yadda yaro zai danna su. Na koma GRUB, na danna c, na rubuta videoinfo don in ga girman da na'urar ta yarda da shi. Girman da nake so, 1024 da 768 da cikakken launi, ba ya cikin jerin.

Lissafi ne ya fitar da ni. Ɗigo 1024 sau 768 ya ba da 786,432. Idan kowane ɗigo na cin okte biyu, wato abin da wasu ke kira bayit, ana bukatar 1,572,864, mega ɗaya da rabi ke nan. Na shiga BIOS, saitin da ke fitowa kafin komai, na tarar an ware wa hoto mega ɗaya tak. Ba yadda za a yi mudu ɗaya da rabi ya shiga kwanon mudu ɗaya. Zaɓi biyu ne a wurin, 1 ko 8. Na mayar da shi 8, sai ga girman ya bayyana a jerin. Na rubuta nomodeset da wannan girma a fayil ɗin /etc/default/grub, na ba da umarnin update-grub don kada in riƙa maimaitawa kullum.

Gaskiya wannan hanya tana da farashinta. Babbar ƙwaƙwalwar na'ura ce ke zana kowane ɗigo da kanta, ba mai taimaka mata, saboda haka bidiyo yana tsinkewa. Amma koyon buga rubutu, da jadawalin lissafi, da wasannin GCompris na ƙananan aji, duk suna tafiya lafiya. Abin da na yi alkawari ke nan, kuma yara suka shiga ɗakin kafin hutu.

Bayan hutu, biyu suka koma kumburarren hoto. Na ɗauka aikina ne ya lalace, ashe ƴar batir ce mai kama da kwabo, CR2032, wadda ke riƙe wa BIOS saitinsa idan babu wuta. Ta mutu, da aka ɗauke kuran sai na'urar ta manta ta koma mega ɗaya. Wurin mai gyaran agogo a kasuwa na samo sababbi.

Daga nan na tsorata da wani abu: duk wannan sani a kaina kaɗai yake, kuma malami ana iya canza masa wurin aiki kowace shekara. Na sayi kaye na rubuta matakan da Hausa da Faransanci, na rataye shi a ɗakin. Lissafin ɗigo kuma na mayar da shi aikin aji. Na ba ɗalibai 800 da 600, da 1024 da 768, na ce su gano wanda zai shiga mega ɗaya. Yaran da ke hamma idan an ce ninkawa sai ga su suna gardama a kan amsa. Da wata na'ura ta sake mantuwa ina aji, wata yarinya ƴar aji na biyu ce ta buɗe kayen ta gyara kafin in zo.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma na ga haka da idona a gilashi takwas. Ƴan'uwana malamai, idan akwai irin waɗannan na'urori a magazar lakwal ɗinku, ku fito da ɗaya, ku saurari fanka, ku gwada fitilar manyan baƙaƙe. Wasu sun mutu da gaske, amma ba duka ba. Ku kuma iyaye, idan an ce muku kayan da kuka sa kuɗi dominsu sun lalace, ku tambaya wa ya duba su, kuma me ya gani. Ni dai da na bi maganar ranar farko, da har yau ina kauce wa hanyar mai ƙosai.