Lokacinki ma jari ne, uwargida

Idan na tambaye ki kuɗin mudun gero ko kwalbar man gyaɗa a kasuwar Kazaure, nan take za ki faɗa mini, har da yadda aka sayar a makon jiya. To amma idan na ce nawa ne kuɗin awa ɗaya ta lokacinki, na san dariya za ki yi. Mu mata mun iya lissafin duk abin da ake aunawa da mudu, amma lokacinmu a buɗe muke barinsa kamar randar bakin hanya, duk wanda ya zo wucewa ya ɗiba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan ƙasar Roni, kuma aikinmu rabinsa rubutu ne. Ƙarfe nawa aka yi allura, ƙarfe nawa aka sa ƙarin ruwa, wa ya sa, duk sai an rubuta. Tun muna makaranta ake nanata mana cewa aikin da ba a rubuta ba, a wurin mai zuwa bayanki kamar ba a yi shi ba ne. Amma inda na fara ganin ana rubuta lokaci don a karɓi kuɗinsa shi ne wurin ƙwararrun da ake turo mana. Shirye-shiryen lafiyar mata da yara irin su MNCH2, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2014 a jihohin arewa shida ciki har da Jigawa, sukan yi aiki da irin waɗannan mutane. Da yawansu ba ma'aikatan dindindin ba ne. Iliminsu da shawararsu suke sayarwa, kuma kafin a biya su sai sun cike takarda mai nuna kwanakin da suka yi da abin da suka yi a cikinsu.

A Amurka abin har ya wuce nan. Lauyoyi da yawa suna raba awa gida goma, minti shida-shida, kuma ko waya ka buga musu sai ta shiga lissafi. Kamfanonin masu ba da shawara suna haɗa wannan ƙidaya da wata manhaja ta kula da abokan ciniki, wadda ake taƙaita sunanta da CRM. Fitacciya a cikinsu ita ce Salesforce, da aka kafa a 1999, akwai kuma Zoho ta ƙasar Indiya. Yadda take aiki ba wani sihiri ba ne. Kowane abokin ciniki yana da shafinsa: sunansa, lambarsa, yaushe aka yi magana da shi, me aka yi masa alkawari. Idan ma'aikaci ya fara yi masa aiki sai ya kunna agogo, idan ya gama ya kashe, ya nuna ko wannan lokacin na biya ne ko ba na biya ba ne. Ƙarshen wata manhajar ta tattara, ta fitar da takardar neman kuɗi, ta kuma tuna wa mai kamfani wanda bai biya ba da wanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba.

Za ki ce ina ruwan biri da gada. To ki duba maƙwabtanki, ko ki dubi kanki. Mai lalle, mai kitso, mai gyaran amarya, mai ɗinki, mai girkin biki, malamar da ke koya wa yara karatu bayan la'asar, dukansu abin da suke sayarwa gwaninta ce da lokaci. Bambancinsu da wancan lauyan shi ne, shi ya san awannin da ya kashe, su kuwa kuɗin da ya shigo hannu kawai suke gani.

Bari mu yi lissafi tare. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Idan aka raba shi a kwana 22 na aiki, awa takwas kowace rana, awa ɗaya ta kama kusan naira 400. Yanzu a ce ke mai lalle ce a garin Roni, an kira ki Amaryawa ki yi wa amarya, an yi jinga naira 4,000. A ranki aikin awa uku ne, kin ci riba. Amma kayan haɗi sun ci 1,000, acaɓa zuwa da dawowa 800, saura 2,200. Rabin awa kin yi a waya ana ciniki ana kwatance, rabin awa wurin kwaɓa lalle, awa ɗaya a hanya, awa biyu kina zaune ana jiran amarya ta fito daga wanka da sallamar ƙawaye, sannan awa ukun aikin. Awa bakwai ke nan. Kowace awa ta tashi a naira 314. Kin bar yara a hannun maƙwabciya, kin dawo bayanki na ciwo, kuma abin da kika samu bai kai na ma'aikacin da ya fi kowa ƙarancin albashi ba. Ba wanda ya cuce ki da gangan. Awanni huɗun nan ne babu wanda ya gan su, har ke kanki.

Ba sai kin sayi manhajar kamfani ba. Abu biyar kawai ake so a rubuta: sunan mutum, rana, lokacin farawa da gamawa har da hanya da jira, abin da kika kashe, da abin da aka biya ko ake bi. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa, ki ba kowace abokiyar ciniki shafi guda. A garuruwanmu da wuta da sabis ba su da alkawari, littafi ba ya mutuwa don rashin caji. Idan kina son waya ta taimaka, akwai WhatsApp Business da aka fitar a 2018, kyauta ce, kuma tana ba ki damar liƙa wa kowace hira alama, misali wadda ta biya, wadda ake bi, wadda ke jiran aiki. Mai ɗan sanin kwamfuta kuma za ta iya buɗe jadawali a Google Sheets, shi zai riƙa haɗa mata jimilla. Ga makarantar Informatics da kwalejin Hussaini Adamu nan a Kazaure, ba za ki rasa ƙanwa ko ɗan ɗaki da zai tsara miki shi cikin 'yan mintuna ba.

Ni ma haka nake yi. Bayan na tashi daga aiki akan kira ni gidaje, wankin ciwon mai siga, awon jinin tsohuwa, duba mai jego. Da na tara rubutun wata guda, sai na ga aikin hannu shi ne kaɗan, hanya da waya su ne suka cinye lokacin. Sai na haɗa gidajen da ke shiyya ɗaya a rana ɗaya, na kuma ware bayan isha'i don amsa tambayoyin da ba na gaggawa ba. Ban ƙara wa kowa ko sisi ba, amma na samu yammaci biyu a mako da nake zama in duba littattafan yarana. Akwai kuma amfanin da ya fi kuɗi. Shafin ne ke tuna mini cewa maganin hawan jinin wata baba zai ƙare ranar Alhamis, sai in kira 'yarta tun Talata. Ke ma idan kin rubuta cewa wance za ta aurar da 'ya bayan babbar sallah, ke za ki riga kowa kiranta.

Na san abin da ke ranki, domin an sha faɗa mini: ai da kunya, yaya za ki riƙe wa 'yar uwarki agogo? Gaskiya ne, a wurinmu zumunci ya fi kuɗi, kuma ba na fatan mu zama mutanen da gaisuwa ma sai an biya. Amma ki lura, su kansu kamfanonin suna da layin aikin da suka yi kyauta, kuma suna rubuta shi. Ni ma ina da shi. Marainiya, ko gidan da na san ba su da halin biya, na rubuta "don Allah" a gaban sunan, na rufe. Mai naƙuda ko yaro mai suma kuwa ba a duba masa agogo, tashi ake yi. Abin da rubutu ya ba ni shi ne, ni nake zaɓar abin da zan bayar, da zuciya ɗaya. Kyautar da aka karɓe miki don kin ji nauyin magana, ita ce ke komawa ƙorafi a bayan ido, har wata rana a daina gaisawa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Wanda ya rubuta ya huta da "ni dai na tuna dubu biyu ce", ita ma wadda ake bi ta huta.

Sai dai duk abin da kika rubuta a kan mutane amana ce. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma tun kafin doka mun san sirrin gidan wani ba abin yawo da shi ba ne. Ki sa wa wayarki mabuɗi, domin yaranmu da ita suke wasa. Kada ki rubuta ciwon mutum ko matsalar aurensa a gefen sunansa. Kada ki ɗora sunan mai bashi a dandalin 'yan unguwa don ki kunyata ta, ki kira ta ita kaɗai.

Ki gwada mako ɗaya kawai, daga wannan Asabar zuwa Juma'a. Kada ki canja farashi, kada ki yi wa kowa magana, ki dai rubuta. Ranar Juma'a da dare, bayan yara sun kwanta, ki raba abin da ya rage miki da awannin da kika kashe. Idan lambar ta yi miki daɗi, alhamdulillahi. Idan ba ta yi ba, kin san inda ake zubar miki da ruwa, ko a hanya ne, ko a jira, ko a hannun masu "zan aiko". Daga nan sai ki yanke shawara da idonki a buɗe. Ina so in ji abin da lissafinki ya nuna miki. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya bar mu da zumunci.