Rijiyar Zaki: Gona Ta Matse, Kiwo Ya Koma Rumfa

Yau sai ki yafa mayafi, za mu bi titin Gwarzo mu leƙa Rijiyar Zaki. Ba gidan biki za mu ba, ba kuma barka ba. Rumfar dabbobi za mu je gani, irin wadda ake kafawa a kan dirkoki, a yi mata daɓen siminti, a ja mata wuta. Idan kina da 'yar tunkiya ko akuya a bayan ɗaki, ko kina tara kuɗin adashe da niyyar saye, wannan tafiya taki ce.

Hanya da gari

Daga Kabuga ki tari adaidaita sahu ki fuskanci yamma. Ba za ki daɗe ba za ki iso Rijiyar Zaki, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Ungogo. A bakin titi babu abin da zai nuna miki ƙauye. Ga tashar mota, ga shaguna, ga masu buga bulo, ga masu walda suna ta feshin wuta, sabuwar harabar Jami'ar Bayero kuma tana nan kusa. Sai kin bar kwalta kin kutsa ciki, kin yi nisa da ƙarar motoci, sannan za ki fara ganin tsohuwar fuskar wurin: gona a tsakanin katanga da katanga, bishiyar darbejiya, tarin karan dawa a jingine, ga harsashin gini an tayar an bari a tsakiyar kunya.

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta daɗe da cika da mutane. Tun cikin shekarun 1960 wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi nazarin yankin, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Sirrin shi ne taki. Jakuna su kai itace birni su dawo da shara da toka, tumaki da awaki kuma a ɗaure su a turke duk damina, abin da suka tara a kwashe a kai gona kafin shuka. Galibin waɗannan ƙananan dabbobi kuwa na mata ne.

Yanzu gari ya biyo gonakin. Inda ake sakin dabbobi su yi kalar harawa bayan girbi ya zama fuloti. Akuyar da aka saka da safe, ko ta shiga gonar wani a yi rigima, ko ta ci leda a bola, ko ta bi wanda ba mai ita ba. Shi ya sa kiwo ya koma cikin gida rani da damina. Dabbar da za ta yi wata goma sha biyu a wuri ɗaya kuwa, turke da igiya kaɗai ba za su riƙe ta lafiya ba.

Abin da ke tsaye a ƙarƙashin rumfar

Ki leƙa kowane gida mai kiwo, abin da za ki gani a ɗaure ba nama ba ne kawai. Wancan ragon Balami kuɗin makarantar yara ne. Waccan jar akuya mai ciki gudummawar bikin ƙanwa ce. Tumakin nan uku kuwa gado da katifar 'yar da aka sa wa rana ne. Idan kofato ya ruɓe saboda caɓi a watan Agusta, ko sanyin hunturu ya kama 'yan tumaki da tari, ko aka haura katanga da tsakar dare, asusun mace ne ya fashe. Don haka gina rumfa ba ƙawa ba ce.

Irin ginin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. A Amurka, cikin shekarun 1930 da tattalin arziki ya karye, manoma sun koma kafa rumbunan kaya da na dabbobi a kan tsofaffin turakun waya, saboda ya fi ginin harsashi araha. Mu kuwa kaka da kakanni da dirka da azara muka san rumfa. Abin da ya ƙaru a yau shi ne kwano, siminti da fitila. Muhimmin abu shi ne ki san wanda za ki fara da shi, da wanda zai jira.

Na farko: wuri da dirka

Kafin a haƙa rami ko ɗaya, ki zauna da maigida a tsayar da wuri. Ki zaɓi inda ya ɗan yi tudu, nesa da rijiya da madafi, kuma ba jikin ɗakin kwanan maƙwabta ba. Ki lura da iska: hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Saboda haka a toshe gabas da arewa da zana ko bulo, a bar fuskar rumfar tana kallon kudu.

Rumfa mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 10 za ta ɗauki tumaki kamar 6 ba tare da cunkoso ba. Dirka 6 sun ishe ta, uku a gaba uku a baya. Na gaba su fi na baya tsawo, misali ƙafa 9 da ƙafa 7 daga ƙasa, don ruwan sama ya gangara baya. Kowane rami kada ya gaza ƙafa 2.

Wace irin dirka? Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cika damunta ba, sai dai ta yi wuya ta yi tsada. Itacen darbejiya ko na turare ya fi sauƙin samu, amma sai an bari ya bushe, an shafe gindinsa da baƙin mai, don gara ba ta san araha ba. Mai hali kuwa ta aika Ƙofar Ruwa a sayo bututun ƙarfe, mai walda ya haɗa, a dasa shi cikin kankare. Katakon rufi akwai shi a 'Yan Katako ta Na'ibawa.

Na biyu: rufi

Kwano shi ne rufin da aka fi yi, kuma ko tsoho ne zai yi aiki idan an toshe hujojinsa. Illarsa biyu ce. Ta farko zafi: a watan Afrilu, kwanon da ya yi ƙasa-ƙasa tanda ne. Maganinsa a ɗaga shi sama, a shimfiɗa zana ko karan dawa a ƙarƙashinsa, a bar sarari tsakanin bango da rufi iska ta riƙa wucewa. Ta biyu iska: guguwar farkon damina ba ta tambayar izini. Ki sa kafinta ya ɗaure katakon da dirka da langa-langa ko waya mai kauri, kada ya tsaya ga ƙusa kaɗai. Dutse ko tsohuwar taya a kan rufi taimako ne, ba ɗauri ba.

Ki kuma roƙi a bar kwanon ya zarce dirka da kamar ƙafa 2 ta kowane gefe. Wannan ɗan ƙarin ne zai hana feshin ruwa jiƙa harawa.

Na uku: daɓe

A nan aikin yake. Iyayenmu mata sun san daɓe: a zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, a taru da madaɓi ana bugu ana waƙa. Wannan daɓen ya isa ɗakin mutum, amma kofato da fitsarin dabba suna cinye shi. Shi ya sa aka koma siminti.

Ga abin da za ki tsaya a kai idan birkila ya zo, ko ki sa babban ɗanki ya tsaya:

A kankare ƙasar sama, a cike da marmara, a daddaɓe sosai kafin a zuba komai. Daɓen da aka yi a kan ƙasa mai laushi tsagewa zai yi.

Haɗin ya zama awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kauri inci 4. A rumfa mai girman da muka faɗa, ki yi lissafin buhu 7 zuwa 8.

A ba shi gangare, kamar inci 1 a kowace ƙafa 4, zuwa wata 'yar kwata a baya wadda za ta zuba cikin rami a cikin gidanki. Kada ta fita lungu. Zarnin da ya bi kwatar unguwa shi ke kai mutum gaban mai unguwa.

Kada a goge shi ya yi santsi kamar na falo. Kafin ya bushe a ja tsintsiya a kansa ya yi kaushi. Tunkiya mai ciki idan ta zame, asarar biyu ce.

A riƙa jiƙa shi da ruwa safe da yamma har kwana 7, a rufe da tsofaffin buhuna. Zafin Kano yana busar da siminti kafin ya yi ƙarfi, kuma a nan ne masu gaggawa suke asarar kuɗinsu.

Amma ki sani, siminti yana da sanyi da tauri. Daga Disamba zuwa Fabrairu, dabbar da ta kwana a kan tsuran siminti za ta sha wahala, musamman 'ya'ya. Ki ware gefen kwanciya ki zuba ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa ko busasshen yashi, ki riƙa canzawa. Wasu ma rabi suke daɓewa, wajen komin abinci da ruwa, su bar rabin da yashi. Wannan ya rage kuɗin siminti, dabbar kuma ta sami zaɓi.

Ribar daɓe ba ta tsaya ga lafiya ba. Kashin da a da yake narkewa cikin caɓi, yanzu tsintsiya ɗaya ce ki tara shi a buhu. Masu gona da masu lambu suna saye, ballantana yanzu da takin zamani ya yi tsada. Dusa da harawar da suka zube ma ba su haɗu da ƙasa ba, sai ki mayar cikin komi.

Akwai wata magana da ya kamata ki auna kafin a fasa buhun farko. Dirka da kwano, duk ranar da tashi ya kama, cirewa za a yi a loda a mota. Daɓe kuwa ya zauna ke nan. Idan gidan haya ne, ko gidan gado ne da ba a raba ba, ki dakata da siminti, ki wadatu da marmara da yashi. Idan kuma da kuɗinki aka sayi kwano da ƙarfe, ki ajiye rasit, ki sa a san haka tun ana dariya. Ba rashin yarda ba ne, kiyaye zumunci ne.

Na huɗu: wuta

Me dabba za ta yi da fitila? Ba don ita ba ce, don ke ce. Akuya ba ta zaɓar lokacin haihuwa. Ragon da ya naɗe igiya a wuya da dare, minti kaɗan ne tsakaninsa da halaka. Ɓarawo kuma ya fi son lungun da babu haske. Sannan ga kunama da maciji da ke son gindin tarin kara.

Tun 2013 kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a Kano, Katsina da Jigawa, ko da yake bakinmu bai bar cewa NEPA ba. Idan daga layin gida za a ja, to mai gyaran wuta na gaske za a kira, ba yaron maƙwabta ba. Waya ta bi cikin bututun roba, a manne ta a sama inda baki ba ya kaiwa, don akuya har waya tana taunawa. Makunni ya kasance a waje, inda ruwa ba ya taɓawa. Kada a yi haɗin waya a buɗe a saman harawa, domin tartsatsi ɗaya ya ishi busasshiyar harawa, kuma gobarar hunturu ba ta tsayawa a gida ɗaya. Fitilar kananzir da kyandir kuwa kada ma su shiga.

Mafi sauƙi shi ne 'yar sola mai batirinta. Ƙwan LED mai wat 5 ya isa haska rumfa irin wannan, kuma ƙaramin faranti ɗaya a kan kwano zai riƙe shi. Ki ɗaure farantin da kyau, ki riƙa goge masa ƙura lokacin hunturu, in ba haka ba caji zai ragu. Ba lallai fitilar ciki ta kwana a kunne ba, dabbobi ma suna son duhu su huta. Ta waje mai kallon ƙofa da katanga ita ce za ta kwana.

Kafin ki juyo gida

Idan kin zagaya lungunan Rijiyar Zaki za ki ga rumfuna iri-iri. Wata dirka huɗu ce da zana, wata ta sami kwano tana jiran daɓe, wata an gama har da fitila a goshi. Kusan duk ba a rana ɗaya aka yi su ba. Kwasar adashe ɗaya ta kafa dirka da rufi, kuɗin ragon Sallah ya yi daɓe, kuɗin taki ya sayi sola. Sannu ba ta hana zuwa.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne bayan kaka, ƙasa ta bushe, zana da kara sun wadata, kuma akwai sauran watanni kafin hadari ya fara haɗowa. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne daf da farkon damina, don haka mai niyyar turka rago ta gama rumfarta tun cikin sanyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ke fa, 'yar uwa, ina dabbobinki suke kwana? Wadda ta riga ta yi daɓe ta gaya mana a ƙasa buhu nawa ya ci mata, da yadda ta yi da sanyin hunturu, don masu shirin farawa su ƙaru. Allah Ya sa albarka a kiwo, Ya tsare mana dukiya da iyali.