Zuwan Babban Koci da Makomar 'Yan Benci

Duk wanda ya san Guri ya san cewa ruwa ne ke yanka wa mutanenta lokaci. Idan kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, kachala kuma ta toshe masa hanya, to, gona da hanyar mota da filin tamaula duk sai su zama abu guda. Sai ruwa ya ja baya, an yanke shinkafa, sannan samari kan kafa sanduna biyu a kan busasshiyar laka su shiga buga ƙwallo. Da yawansu Kano Pillars suke yi, kuma ba abin mamaki ba ne, domin a shekarar 1990 da aka kafa wannan kulob, Guri tana cikin Jihar Kano. Sai a 1991 aka yanki Jigawa. Saboda haka duk ranar da rediyo ta ce Masu Gida sun ɗauko sabon koci, teburin mai shayi kan zama majalisa, kowa ya kawo nasa hasashen.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa cikin irin waɗannan ɗauke-ɗauke shi ne na Okey Emordi. A shekarun 2012 da 2013 Pillars ta ci kofin Nijeriya sau biyu a jere a hannun Mohammed Baba Ganaru. Da ya tashi, sai hukumar kulob ta nemo mutumin da sunansa ya riga shi isowa Kano, watau Emordi, wanda ya ci Kofin Zakarun Afirka da Enyimba ta Aba a 2004. Ba wannan ne karo na farko da Pillars ta yi irin wannan cefane ba. Kadiri Ikhana, wanda ya fara kawo wa Nijeriya wancan kofi da Enyimba a 2003, shi ne ya ba Pillars kofinta na farko na gida a 2008. Bugu da ƙari, magoya baya ba su manta da 2009 ba, shekarar da suka fitar da Al Ahly ta Masar suka kai wasan kusa da na ƙarshe, kafin Heartland ta Owerri ta tare musu hanya. Mutumin da ya taɓa leƙa rumbu ya ga hatsi, ba ya sake gamsuwa da ƙasari. Abin da ake so a wurin Emordi kuwa ba ɓoyayye ba ne: kofin gida an riga an saba da shi, na Afirka ake nema.

To, amma fa ƙwallo ba ta san suna ba. A zagayen farko na gasar Afirka ta 2014, AS Vita ta Kinshasa ta ci Pillars 3 da 1, a Kano kuma Pillars ta rama da 2 da 1, wanda bai isa ba. A wannan shekara Emordi ya ci kofin Nijeriya, na uku a jere ga kulob ɗin, abin da ya isa a yi wa kowane koci kirari. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasa wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suka raunata mutum biyar, har da Gambo Mohammed mai cin ƙwallaye. Ba a jima ba Moghreb Tétouan ta Maroko ta zuba musu 4 da nema, wasan Kano kuma ya sake tashi 2 da 1. Kafin kakar ta ƙare aka rabu da Emordi, aka koma ga Ganaru. Adalci ya ce a sa harsashin nan cikin lissafi, sai dai 'yan kallo ba su cika yin irin wannan lissafi ba. An auna mutumin ne da mudun Aba, alhali kuwa hatsin Kano aka ba shi ya auna.

Wannan shi ne ɓangaren da rediyo ke faɗa. Akwai kuma wanda ba ta faɗa, shi ne abin da kan sami 'yan wasa idan babban koci ya sauka a kowane kulob. Mutumin da aka ɗauko da tsada ya san wa'adinsa gajere ne, wasa uku ko huɗu na iya raba shi da aikinsa. Don haka ba shi da lokacin raino. Yakan zo da mataimakinsa, ya zo da gola ko ɗan baya da ya sani tun wani gari, ya nemi a sayo masa wanda ya riga ya nuna. Takardar rajistar 'yan wasa kuwa tana da iyaka. Duk sunan da ya shiga, wani ne ya fita. Taurari irin su Rabi'u Ali, wanda ya ga zuwa da tafiyar koci-koci a Pillars, ba su da fargaba, gama filin Ƙofar Mata ba zai yarda a taɓa su ba. Wanda ke kwana da zullumi shi ne ɗan benci, da ɗan ƙaramar ƙungiya, da wanda tsohon koci ya ce masa ya ƙara haƙuri shekara ɗaya. Alkawarin nan da baki aka yi shi, ya kuwa bi mai shi ya tafi. Masu iya magana suka ce sarki goma, zamani goma, sai dai ba su faɗi inda dogaran tsohon sarki kan kwana ba.

Akwai wani saurayi a Guri, ɗan masunta, mai buga tsakiya da ƙafar hagu. Gudun da ya koya a kan laka ya sa idan ya hau busasshen fili sai ka ce ba ya taka ƙasa. Wani koci na wani kulob a birni ya gan shi a gasar ƙananan hukumomi, ya kira shi sansani. Mahaifinsa ya sayar da buhun shinkafa biyu aka yi kuɗin mota da na takalmi. Wata huɗu yana atisaye ba albashi, yana kwana a ɗakin wani ɗan garinsu mai sayar da busasshen kifi, kocin kuma kullum yana ce masa, "Yaro, ka riƙe wuta, in aka buɗe rajista sunanka na ciki."

Ana saura 'yan makonni a buɗe rajistar, kulob ya sha kashi sau uku, aka sallami kocin, aka kawo wani mai babban suna. Saurayin nan har da shi aka yi tafi ranar da aka gabatar da sabon mai gidan, domin shi ma yana son kulob ya ci kofi. Kwana biyu aka yi ana tantancewa. An sa shi minti goma sha biyar a gefen dama, inda bai taɓa bugawa ba, kuma sabon kocin a lokacin yana magana ne da wani baƙon ɗan wasa da ya zo da shi. Ba a zage shi ba, ba a kuma ce bai iya ba. Da aka manna takarda a bango ya karanta ta sau biyu, daga sama zuwa ƙasa, sannan daga ƙasa zuwa sama.

Da ya sauka a tashar Haɗeja ya sami motar Guri, ya isa gida bayan magariba. Kawunsa ne ya fara ganinsa, ya dubi jakar da ke kafaɗarsa, ya ce, "Ɗana, ka dawo ke nan?" Ya ce, "Na dawo, Kawu." Tsohon ya ce to, ya shiga ya ci tuwo, gobe da asuba akwai jan koma. Takalmin nan na buhu biyu yana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, ƙanensa kan ara ranar da unguwarsu ke da wasa.