Wa Zai Shaide Ka? Nauyin Da Ke Cikin Wasiƙar Neman Karatun Likitanci

A nan Amurka, inda nake koyar da kimiyyar sinadarai a wata jami'a, ba a shiga karatun likitanci kai-tsaye daga sakandare kamar yadda aka saba a Najeriya, inda ɗalibi kan rubuta jarrabawar JAMB, in ya dace ya shiga karatun shekara shida. Sai mutum ya fara kammala digirin farko na shekara huɗu, ya zauna jarrabawar MCAT, sannan ya miƙa takardunsa, galibi ta hanyar AMCAS, wato tsarin da ƙungiyar makarantun likitanci ta ƙasar ke gudanarwa. Kowace shekara kimanin mutum 50,000 ne ke nema, waɗanda ake ɗauka kuwa ba su kai rabi ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake bari makinsu ba shi da laifi. Saboda haka masu tantancewa kan koma ga abin da maki ba ya iya faɗa, wato halin mutum, kuma wannan suna nemansa ne a wasiƙun da malamai suka rubuta a kansa.

Yawancin makarantu kan buƙaci wasiƙa uku, sau da yawa biyu daga malaman kimiyya, ɗaya daga malamin wani fanni dabam. Wasu jami'o'in suna da kwamitin da ke tattara bayanan ɗalibi ya fitar da wasiƙa guda da sunan makaranta. AMCAS na karɓar har guda goma, amma yawa ba ya ƙara daraja. Uku masu nauyi sun fi goma na fatar baki.

Duk shekara, daga watan Fabrairu zuwa Mayu, ɗalibai kan yi ta sallama a ofishina da wannan buƙata. A cikinsu akwai 'ya'yanmu na Hausawa, waɗanda iyayensu suka zo daga Kano ko Maraɗi ko zangon Kumasi, suka tashi a unguwanni irin su Bronx ta birnin New York. Na lura abu biyu ne ke yi musu tarnaƙi, kuma dukansu daga tarbiyya mai kyau suka samo asali.

Na farko kunya ce. Mun raini yaranmu a kan kada su cika surutu gaban manya, kada su kutsa kai inda ba a kira su ba. Sai yaro ya shekara a aji mai ɗalibai ɗari biyu, yana cin jarrabawa, amma bai taɓa zuwa wurin malami a sa'o'in da aka keɓe don ganawa da ɗalibai ba. Ranar da ya zo neman wasiƙa, abin da malamin zai iya rubutawa bai wuce cewa ya halarci darasi kuma ya ci da kyau ba. Masu tantancewa sun riga sun ga wannan a takardar sakamako. Wasiƙar da ke tasiri ita ce mai ɗauke da abin da ido ya gani: yadda ɗalibi ya yi da gwajinsa ya lalace sau uku a ɗakin gwaje-gwaje, yadda ya ja abokin aikin da ke baya har ya fahimta, yadda ya karɓi gyara. Malami ba zai ga waɗannan ba sai ɗalibi ya bari an san shi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wasiƙar da za a nema a shekara ta uku, tun shekarar farko ake shuka ta.

Na biyu shi ne ɗaukar wasiƙar a matsayin alfarma. A gida mun saba da takardar babban mutum, wadda girman sa hannun da ke ƙasanta ke buɗe ƙofa. Wani abokina, wanda muka daɗe muna zumunci, ya taɓa kirana ya ce, “Malam, ɗanka zai nemi likitanci bana, kai muka dogara da kai.” Yaron kuwa a wata jami'a yake, ban taɓa koyar da shi ba, sanin da na yi masa na ranar Sallah ne da taron suna. Na ce masa, “Alhaji, in na rubuta, cutar da shi zan yi. Layin farko da za su duba shi ne ta yaya na san shi da tsawon lokacin da na san shi, kuma makarantu ba sa ɗaukar maganar dangi da abokan iyaye da muhimmanci.” Bai ji daɗi ba, har aka ɗauki watanni gaisuwarmu ba ta wuce ta sama-sama. Na zauna da yaron muka lissafa malaman da suka ga aikinsa da idonsu, har da shugabar ma'aikatan jinya a asibitin da yake aikin sa-kai. Wannan taimakon nake da ikon yi masa da gaskiya.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan haka shi ne wasiƙar shaida ce. Wanda zan shaida, nan da 'yan shekaru zai tsaya a kan marar lafiyar da ba ya iya kare kansa. In na yi kara na yabi wanda ban sani ba, wani ne can zai biya bashin karar tawa, sannan ɗaliban da zan rubuta wa nan gaba maganata ta rage kima.

Shawarata ga mai nema ita ce ya je da ƙafarsa, ya kuma tambaya ta yadda malami zai sami hanyar ƙi ba tare da jin nauyi ba. Ya ce, “Malam, kana ganin ka san ni sanin da zai sa ka rubuta mini wasiƙa mai ƙarfi?” In ya ga malamin yana jan ƙafa, ya yi godiya ya nemi wani, domin wasiƙa mai sanyi ta fi rashinta illa. Ya ba da aƙalla wata biyu, tunda ana fara miƙa takardu ne a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kuma makarantu da yawa suna duba su bi da bi, wanda ya makara sai ya tarar gurabe sun ragu. Ya haɗa wa malamin takardar sakamakonsa, da tarihin ayyukansa, da daftarin bayanin da ya rubuta kan dalilinsa na son likitanci, da fom ɗin AMCAS mai ɗauke da lambarsa. Ya kuma tuna masa cikin ladabi cewa ana son wasiƙar a kan takarda mai tambarin jami'a, da sa hannu.

Akwai kuma batun sirri. Wata dokar Amurka ta 1974 ta ba ɗalibi ikon ganin bayanan da makaranta ke ajiyewa a kansa, amma al'ada ita ce mai nema ya sa hannu cewa ya yafe ikon karanta wasiƙar. Iyaye da yawa kan yi mamakin wannan. Hikimarsa a fili take: shaidar da aka bayar a bayan idon mutum ta fi samun karɓuwa. Wanda ke tsoron abin da za a rubuta a kansa, to ya sake duba wanda ya zaɓa.

Mu iyaye, aikinmu shi ne mu koya wa yaranmu cewa zuwa wurin malami da tambaya ba rashin kunya ba ne, mu kuma daina auna zumunci da sa hannu a takarda. In sakamako ya fito, ko an dace ko ba a dace ba, yaro ya koma ya sanar da waɗanda suka shaide shi, ya yi musu godiya. Wanda bai samu ba bana, su ne zai sake komawa wurinsu baɗi.